Kukan Wanda Aka Bari a Baya: Waƙar Alhinin Abdullahi Ɗan Fodiyo da Tarihin Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Hausawa suna cewa mutuwa rigar kowa ce, amma ba kowane mamaci ne yake samun wanda zai yi masa waƙa ba, kuma ba kowace waƙar alhini ce take tsayawa a kan mamacin kaɗai ba. Sau da yawa mawaƙi yakan fara da kukan wanda ya tafi, sa'an nan ya juyo da fuskarsa wajen waɗanda suka rage, ya auna su da ma'aunin wanda aka binne. A nan ne waƙar baƙin ciki take zama hujjar tarihi, domin takan faɗi abin da littafin labarin yaƙi ya yi nauyin bakin faɗa.

Waƙar da za a duba a nan ita ce ƙasidar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya tsara da Larabci a 1807, lokacin da ya bar rundunar jihadi ya fuskanci gabas. Tana cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara waƙoƙinsa a ciki a 1813, wanda kuma Mervyn Hiskett ya buga tare da fassarar Ingilishi a Ibadan a 1963. Ba za a kawo baitocinta a nan ba. Abin da za a yi shi ne bin ma'anarta daki-daki, a kuma ajiye ta a cikin ƙasar da ta sha wahalar shekarun da suka haife ta, watau yammacin Zamfara, inda Anka da Bukkuyum da Gummi suke a yau.

Ƙasar da Zamaninta

Zamfara tsohuwar daula ce daga cikin daulolin ƙasar Hausa. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu zuwa Kiyawa, Gobirawa kuma suka kafa sabon birninsu na Alƙalawa a kan ƙasar da Zamfarawa suka ba su masauki tun farko. Daga nan gidan sarautar Zamfara ya shiga ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, bai sami zama tabbatacce ba sai bayan jihadi, sa'ad da ya kafu a Anka. Saboda haka mutanen da Shehu da ƙanensa suka tarar a wannan ƙasa mutane ne da suka riga suka ɗanɗani rashi, suna kuma riƙe da Gobir a zuciya.

Shehu Usmanu da Abdullahi sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi a Zamfara, daga ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon shekarun 1790. A cikin wannan tsakanin ne aka yi taron Magami da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a kuma saki fursunoni. Ruwayoyi sun nuna cewa Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara, yana cikin waɗanda aka saki. Watau ke nan akwai tsohon alheri tsakanin Jama'ar Shehu da Zamfarawa tun kafin a zare takobi.

Wannan alheri ya yi rana a 1804. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu, da nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni, babban abin da ya addabi Jama'a shi ne abinci. Sarakunan Mafara da Burmi da Danko suna cikin na farko da suka yi zumunci da ita. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne ga mutumin wannan yanki: sarautar Sarkin Danko tana Bukkuyum, ta Sarkin Mafara tana Gummi da Talata Mafara, ta Sarkin Burmi kuwa tana Bakura. Ƙasa ce mai albarkar noma wadda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suke shayarwa, kuma rumbunanta ne suka ja hankalin Jama'a zuwa kudu.

Daga Tsuntsuwa zuwa Alwasa

A watan Disamba na 1804 Gobirawa, tare da taimakon Azbinawa, suka auka wa Jama'a a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Muhammadu Bello ya rubuta cewa an kashe mutum wajen dubu biyu, daga cikinsu ɗari biyu mahaddatan Alƙur'ani ne. Tilas ne a tsaya a kan wannan adadi. Jama'ar Ɗegel makaranta ce kafin ta zama runduna, kuma waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa su ne malamanta da almajiranta na farko, waɗanda suka san dalilin fitowa tun daga tushe. Soja ana iya maye gurbinsa cikin wata guda, amma mahaddaci sai an yi shekaru ana dafa shi.

Da yunwa da annoba suka tsananta, sai Jama'a ta gangaro Zamfara a farkon 1805, ta sauka a Sabon Gari, arewa da inda Anka take. Daga nan ne Abdullahi da Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo suka ja runduna, suka ratsa ƙasar Gummi, suka ci Birnin Kabi a watan Afrilu. Amma zaman Sabon Gari ya bar tabo. Dubban mayaƙa masu jin yunwa sun sauka a kan manoman da suka karɓe su baƙunci, aka riƙa ɗibar abinci da ƙarfi, har zumunci ya koma gaba. Bello kansa bai ɓoye ba a Infaƙul Maisuri cewa zaluncin wasu daga cikin mutanen Jama'a yana cikin abin da ya juya zukatan Zamfarawa. Bayan Jama'a ta koma Gwandu, a ƙarshen 1805, Gobirawa da Azbinawa da Kabawa da Zamfarawa suka haɗu suka yi mata mummunar ɓarna a Alwasa, har suka kai bakin Gwandu kafin a kore su. A 1806 kuma aka mai da martani a kan garuruwan Zamfara, ƙasar ta sha ƙuna da kwasar ganima.

Abin lura shi ne, a cikin shekara uku kacal rundunar ta sake fuska. An rasa malamai da yawa, an sami sababbin mabiya masu yawa waɗanda nasara ce ta kira su, ba karatu ba. Wannan shi ne idon da Abdullahi ya dubi rundunar da shi a 1807.

Dalilin Waƙar

Abdullahi ya bayyana dalilin da kansa a cikin zuben da ya gabatar da waƙar da shi. An fita yaƙi zuwa Alƙalawa, sai ya ga 'yan'uwa sun karkata ga duniya, suna gasar mulki da dukiya da daraja, an yi sakaci da masallatai da makarantu. Sai ya sulale daga rundunar da mutum biyar, da niyyar ya tafi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar ƙasa da dangi. Sun kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Da suka isa Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun masu jihadi ba, mutanenta suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da addini. Ya gaya musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo ya bari. Duk da haka ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da shari'a, ya karanta musu tafsiri, daga baya ya juya ya koma gida.

A lura cewa wanda ya yi wannan tafiya shi ne wazirin Shehu, shi ne ya ja daga a Tafkin Kwatto, shi ne ya ci Birnin Kabi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da abokin gaba ne ya faɗi abin da ke cikin waƙar, da sai a ce hassada ce.

Jigon Waƙar da Warwararsa

An gina waƙar a kan karin Ɗawil, ƙafiyarta kuwa harafin ba. Kari ne mai dogon numfashi wanda mawaƙan Larabawa suka saba ɗora manyan al'amura a kansa. Babban jigonta rashi ne, amma rashin hawa uku ne, kuma wanda ya tsaya a hawa na farko bai gama karanta ta ba.

Hawa na farko shi ne rashin abokai. Baitocinta da suka fi shahara suna ɗaure abu biyu a wuri guda: tafiyar abokansa da lalacewar abin da ya sa a gaba. Bai tsaya yana zana kyan halin kowane mamaci ba, kamar yadda aka saba a marsiyya. Darajar mamatan tana fitowa ne daga munin waɗanda suka gaje su, kamar yadda ake gane amfanin inuwar kuka ran da aka sare ta.

Hawa na biyu shi ne rashin manufa, kuma nan ne waƙar ta fi tsawaitawa. Ya lissafa halayen waɗanda aka bar shi a cikinsu: faɗin abin da ba sa aikatawa, bin son zuciya, neman mulkin garuruwa domin jin daɗi da girma, ɗaukar laƙaban sarautar da aka yaƙa, naɗa jahilai a manyan muƙamai, tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa, hawan dawakin da suke sukuwa a cikin gari ba a fagen fama ba, cin ganima da rashawa, shagala da kaɗe-kaɗe, sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi, da alƙalan da rigar kawai suke da ita. Wanda ya san rubuce-rubucen Shehu a kan sarakunan Haɓe zai gane wannan jeri nan take, domin kusan laifuffukan nan ne aka fito yaƙi a kansu. Zafin waƙar shi ne cewa yanzu a cikin gida ake ganinsu.

Zaɓen kalma ma yana da ma'ana a nan. Kalmar da ya kira waɗanda suka rage da ita tushenta ɗaya da wadda ta zo a aya ta 59 ta Suratu Maryam, inda aka ba da labarin mugayen magada da suka biyo bayan annabawa, suka tozarta salla, suka bi sha'awa. Zargin faɗin abin da ba a aikatawa kuwa yana tuno da farkon Suratus Saffi, surar da take magana a kan sahun masu yaƙi. Masu sauraron Abdullahi mahaddata ne da ɗaliban tafsiri, saboda haka ba sai an yi musu bayani ba. Da kalma ɗaya ya ɗauke su daga sahun magada na gari ya ajiye su a ɗaya sahun.

Hawa na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, watau tsoron da mawaƙin yake yi wa kansa. A cikin gabatarwar waƙar Abdullahi ya lissafa kansa a matsayin mafi muni daga cikinsu. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin tawali'un malamai da aka saba da shi, amma tafiyar da ya yi ta nuna abin ya wuce adon magana. Mutumin da yake da rabo mai tsoka a ganima da mulki ya san cewa ruwan da ya ci wasu yana iya cinsa. Kukan wanda aka bari a baya yana ƙunshe da tambayar da duk wanda ya tsira daga halaka yake yi wa kansa: don me aka ɗauki waɗanda suka fi shi aka bar shi, kuma me zai zama idan ya daɗe a cikin waɗanda suka rage?

Gadon Marsiyya da Iyakar Kuka

Abdullahi bai ƙagi wannan hanya ba. Ya gaje ta daga adabin Larabci da ya ƙware a kai. Khansa'u ta yi suna da marsiyyoyin ɗan'uwanta Sakhru. Labidu, wanda ya riski Musulunci, ya yi wa ɗan'uwansa Arbada marsiyya, a cikinta akwai sanannen baiti mai wannan ma'ana ta tafiyar mutanen kirki da barin mawaƙi a cikin marasa amfani, an kuma ruwaito cewa Nana A'isha, matar Manzon Allah, takan maimaita shi tana kukan sauyawar zamani. Abin da Abdullahi ya ƙara shi ne ya cika tsohon ƙoƙon da ruwan ƙasarsa, ya sa masa dawaki da riguna da alƙalan da ya gani da idonsa.

Akwai kuma iyakar da shari'a ta sa wa baƙin ciki, wadda take bayyana siffar waƙar. Musulunci bai hana hawaye ba, domin Manzon Allah ya zubar da su a kan ɗansa Ibrahim. Abin da ya hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furucin da yake jayayya da ƙaddara. Ya sa kwana uku ga makoki, ya sa wata huɗu da kwana goma ga matar da take takaba. Malami irin Abdullahi ba zai yi ƙarar mutuwa ba, tun da yake a wurinsa waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa shahidai ne, sun riga sun tsira. Saboda haka zafin da ke zuciyarsa bai sami mafita ta wajen matattu ba, sai ya kwarara ta wajen rayayyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa waƙar da ta tashi da alhini ta rikiɗe ta zama tuhuma.

Idan aka ajiye ta kusa da marsiyyoyin 'yar wansa, Nana Asma'u, bambancin zai ƙara fitowa. Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa Abdullahi kansa marsiyya, ta yi wa Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa ƙawayenta da mata masu koyarwa. Ita takan zana halin mamaci ne, haƙurinsa da kyautarsa da sulhunta mutane, domin mai sauraro ya kwaikwaya. Baffanta kuwa ya zana kishiyar halin ne domin a guje shi. Hanya biyu ce zuwa masauki ɗaya, domin dukansu sun mai da rashi makaranta.

Waɗanda Waƙar ba ta Kira Sunansu ba

Mai nazarin tarihi ba ya tsayawa ga abin da waƙa ta faɗa, yakan kuma tambayi wanda ta bari a waje. Abokan da Abdullahi yake kuka malamai ne na Jama'a. Manomin Zamfara da aka fasa rumbunsa a 1805, da matar da aka ƙone garinsu a 1806, ba su ne waɗanda aka tsara waƙar dominsu ba. Su ma sun yi kukansu, amma da baki suka yi shi, a zaman makoki da bakin turmi da dutsen niƙa, kuma waƙar baka idan ba ta sami maroƙin fada da zai riƙe ta ba, takan bi mai ita kabari. Alƙalami yana hannun waɗanda suka yi nasara, shi ya sa baƙin cikinsu ne ya iso a rubuce.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce waƙar ba ta san da su ba. Ganimar da aka ci ba bisa ƙa'ida ba, daga hannun wani aka karɓe ta. Ɗan da aka sayar a kasuwa yana da uwa da gari. Bugu da ƙari, ƙasar da rundunar ta fi daɗewa tana ci daga jikinta a waɗannan shekaru ta haɗa da Zamfara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: littattafan jihadi sun kira juyawar Zamfarawa warware alkawari, amma wazirin jihadin da kansa ya bar shaidar irin halin da yake sa mai masauki ya juya wa baƙonsa baya. Mutumin Anka ko Bukkuyum ko Gummi da ya karanta wannan waƙa zai tarar da kakanninsa a cikinta, ko da yake a inuwar baitoci suke tsaye.

Kammalawa

Abdullahi bai kai Madina ba. Ya komo, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka raba kula da ƙasa a 1812 ya sami yamma. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, aka sami ɗan sanyin zumunci tsakaninsa da baffansa har zuwa yaƙin Kalambaina, inda suka daidaita. Ya ƙare rayuwarsa a Gwandu a 1829 yana karantarwa da rubutu. Kuma bai cire waƙar ba sa'ad da yake tattara littafinsa a 1813, bayan an ci nasara, lokacin da ɓoye ta zai fi daɗi ga mutane da yawa. Wannan ma wani ɓangare ne na ma'anarta.

Waiwaye adon tafiya ne, kuma ƙasar da ake magana a kanta ba ta gama binne 'ya'yanta ba. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Aƙalla yara 400 ne suka mutu, kuma aikin share ƙasar Bagega bai fara ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka ce sun kusa 200. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce dai tsohuwar tazarar nan tsakanin mamacin da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba.

Darasin waƙar ga ɗalibi shi ne, idan ya sami waƙar alhini, ya tambayi wanda ake kuka, ya tambayi wanda ake tuhuma, ya kuma tambayi wanda aka tsallake. Ga ma'aikacin hukuma kuwa darasin ya fi kusa da jiki, domin jerin da Abdullahi ya yi, na naɗa wanda bai cancanta ba, da karɓar rashawa, da hawan ƙawa a cikin gari alhali fagen aiki yana can babu kowa, jeri ne da aka yi wa masu riƙe da amanar jama'a, kuma wanda ya yi shi ya fara sa sunansa a ciki kafin na kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda aka yi wa waƙa da waɗanda ba a yi wa ba.